Wa Za A Fara Dubawa a Ƙofar Sashen Gaggawa?



Duk wanda ya taɓa ɗaukar nasa cikin dare ya nufi babban asibiti ya san teburin nan da ke bakin ƙofar sashen gaggawa. Kafin a ga likita, kafin a yi maganar gado ko allura, a nan ake fara tsayawa. Nas ce a wurin, gabanta abin awon jini da na gwada zafin jiki. Za ta yi tambaya uku ko huɗu, ta kama hannun marar lafiya, ta dubi idonsa, cikin 'yan mintoci ta yanke hukunci: wannan a shiga da shi yanzu, wancan ya zauna a benci. A duk faɗin asibiti babu hukuncin da ake yankewa da sauri haka, kuma kaɗan ne suka kai shi nauyi.

Ku kwatanta daren a ranku. Gado ɗaya ya rage. Ga saurayi ya yanke a hannu, jini ya ɓata masa riga, yana ihu, abokansa suna taya shi. Ga uwa da goyo, jikin yaron zafi rau. Can ƙarshen benci kuma ga wani dattijo ya jingina da bango, bai ce wa kowa uffan ba. Da aka tambaye shi ya ce kasala ce kawai, sai ɗan nauyi a ƙirji tun la'asar. Idon kowa a ɗakin yana kan mai jini. Tsohuwar nas kuwa hankalinta yana kan dattijon, domin ta san mai ƙarfin ihu yana da numfashi, wanda ya yi tsit shi ake tararwa ya sulale daga benci. Sharhinmu na yau a kan wannan dattijo ne, da kuma sabuwar mataimakiyar da wasu asibitocin Amurka suka ajiye a gefen nas don kada a tsallake shi, wato manhajar ƙirƙirarriyar basira da ke taya ta tantance wanda ya fi buƙatar gaggawa.

Shi wannan aikin tantancewa a fagen yaƙi aka haife shi. Fiye da shekara 200 da suka wuce, Dominique Jean Larrey, babban likitan fiɗa a rundunar Napoleon ta Faransa, ya kafa dokar cewa a fara da sojan da rauninsa ya fi muni, ko kurtu ne ko hafsa. A zamanin da muƙami yake gaba da komai, wannan magana ce babba. Har gobe ita ce ginshiƙin sashen gaggawa a ko'ina: layin nan ba na wanda ya riga zuwa ba ne, na wanda jinkiri zai fi cutarwa ne.

A Amurka mafi yawan asibitoci suna bin wani ma'auni da ake kira ESI, wanda likitoci biyu, Richard Wuerz da David Eitel, suka tsara a ƙarshen shekarun 1990. Mataki 5 gare shi. Na 1 shi ne wanda rai ke hannun Allah, numfashi ya tsaya ko zuciya ta tsaya, sai a rufu a kansa nan take. Na 2 shi ne mai babban haɗari, wanda ya ruɗe, ko ciwo ya kai masa maƙura, ko alamunsa suke nuna abu na iya lalacewa kowane lokaci. Daga nan sai ma'aunin ya canza tambaya. Maimakon yaya tsananin ciwon yake, sai nas ta tambayi kanta abubuwa nawa za a yi wa mutumin nan: gwajin jini, hoto, ƙarin ruwa, ɗinki. In biyu ne ko fiye, mataki na 3. In ɗaya ne, na 4. In babu ko ɗaya, duba kawai da rubuta magani, na 5.

To, a mataki na 3 ɗin nan gizo ke saƙa. Ya zama kamar babban kwando, duk abin da ba a tabbatar da shi ba sai a jefa ciki. Matashiya mai ciwon mara da za ta koma gida bayan gwaji biyu tana ciki. Dattijon da ƙwayoyin cuta suka fara bin jininsa, wanda zai iya ƙarewa a sashen kulawa ta musamman kafin asuba, shi ma yana ciki. Lambarsu ɗaya, bencinsu ɗaya, jiransu ɗaya. Kada kuma a ɗora wa nas laifi. Mace ce ko namiji da ke tsaye awa 12, mutane na kwarara, tana da mintoci kaɗan a kan kowa, kuma ta san in ta saka kowa a mataki na 2 babu gadon da zai ɗauke su. Tsakiya ita ce mafakar mai shakka.

A shekarar 2023 wasu masu bincike a asibitocin Kaiser Permanente da ke arewacin jihar Kalifoniya suka duba zuwan marasa lafiya fiye da miliyan 5 a sassan gaggawa 21, daga 2016 zuwa 2020. Suka kwatanta lambar da aka ba kowa a ƙofa da abin da ya same shi daga baya. Kusan kashi 32 cikin 100 lambar ba ta dace ba. Mafi yawa, kimanin kashi 29, an kai su sama da inda ya kamata. Kashi 3 da ɗoriya kuwa an saukar da su ƙasa da haɗarinsu. Kashi 3 kamar ba yawa, amma cikin miliyan 5 mutum ne fiye da dubu 150 da aka ce su jira alhali jiran yana cin su. Binciken ya kuma nuna baƙaƙen fata sun fi fuskantar kuskuren ta kowane ɓangare.

Wannan kwandon na tsakiya shi wani injiniya mai suna Scott Levin da abokan aikinsa likitoci a asibitin Johns Hopkins da ke birnin Baltimore suka sa a gaba. Dabararsu mai sauƙin faɗa ce. Asibiti yana da bayanan dubun-dubatar mutanen da suka taɓa shigowa ta wannan ƙofa: shekarunsu, abin da ya kawo su, hawan jini, bugun zuciya, yawan numfashi, zafin jiki, iskar oksijin a jini, da ƙafa suka zo ko a motar asibiti, da cututtukan da suke da su tun da. Yana kuma da labarin ƙarshe na kowa: wane ya koma gida, wane aka kwantar, wane aka yi wa tiyatar gaggawa, wane aka kai sashen kulawa ta musamman, wane ya rasu. Aka ba kwamfuta duk wannan ta yi ta bita har ta koyi irin haɗuwar alamun da ke gabatar da mummunan ƙarshe. Yanzu da zarar nas ta shigar da bayanan sabon marar lafiya, cikin daƙiƙoƙi manhajar za ta nuna mata matakin da take ganin ya dace, da abubuwan da suka sa ta faɗi haka. Nas ta amince ko ta canza.

A binciken da suka wallafa a 2018, wanda ya shafi zuwa asibiti sama da dubu 170, kimanin kashi 65 cikin 100 na mutanen a mataki na 3 aka zuba su. Manhajar ta tsamo fiye da kashi 10 cikin 100 daga cikinsu ta ce waɗannan na gaba ne, kuma da aka duba, lallai su ne suka fi sauran faɗawa mummunan hali nesa ba kusa ba. Daga baya aka mai da aikin haja mai suna TriageGO, kamfanin Beckman Coulter ya saye ta a 2022. A 2025 an wallafa sakamakon amfani da ita a sassan gaggawa 3 na asibitocin Yale New Haven a jihar Connecticut. Cikin waɗanda suka ƙare da buƙatar kulawa ta musamman, waɗanda aka gane tun daga ƙofa sun ƙaru daga kimanin kashi 79 zuwa 83 cikin 100. Kwandon tsakiya ya ragu, waɗanda aka tura ɓangaren masu sauƙi suka ƙaru daga kusan kashi 24 zuwa 35. Ya kamata mai sauraro ya san cewa wasu daga cikin masu binciken suna da alaƙa da kamfanin da ke sayar da manhajar, don haka ana buƙatar wasu na waje su maimaita gwajin. Duk da haka ni na ɗauki sakamakon da muhimmanci. Ƙarin mutum 4 cikin kowane 100 na masu tsananin ciwo da aka hango da wuri, waɗannan iyayen wasu ne da 'ya'yan wasu.

Abin da ya burge ni a wannan tsari shi ne ya san matsayinsa. Kwamfuta ba ta gajiya ƙarfe uku na dare. Ihu ba ya ɗauke mata hankali, babbar riga ba ta burge ta. Tana iya lura cewa bugun zuciya 105 a jikin ɗan shekara 25 da ya hau bene abu ne daban, a jikin ɗan shekara 78 mai ciwon ƙoda wanda numfashinsa ya ɗan ƙaru kuma abu ne daban. Gogaggiyar nas ta san wannan, amma ba kowane dare gogaggiya ke kan tebur ba. Ga yarinyar da ta fito makarantar jinya bara, murya ta biyu da za ta ce sake duba wannan baban, babbar rahama ce.

Amma jama'a, akwai ɗaya gefen, kuma dole a faɗe shi da ƙarfin da aka faɗi na farko.

Na farko, kamfanin Epic, wanda manhajarsa ke riƙe da bayanan marasa lafiya a ɗaruruwan asibitocin Amurka, ya fitar da wata dabara ta hango cutar nan da ƙwayoyin cuta ke bazuwa a jini har gaɓoɓi su fara tsayawa. Asibitoci da dama suka kunna ta suna aiki da ita. Sai a 2021 masu bincike a Jami'ar Michigan suka gwada ta a kan kwanciyar asibiti fiye da dubu 38. Ta kasa gano kashi 67 cikin 100 na waɗanda cutar ta kama, alhali ta buga ƙararrawa a kan kashi 18 cikin 100 na duk waɗanda aka kwantar. Kamfanin ya sake mata fasali daga baya, amma ku duba tsawon lokacin da aka yi ana dogaro da ita kafin wani na waje ya auna ta. Illar ƙararrawar banza kuwa duk mai aikin jinya ya san ta. In ta yi ƙara sau goma ka ruga ka tarar babu komai, na goma sha ɗaya hannunka ne zai kashe ta kafin idonka ya karanta. Wataƙila wannan ɗin ce ta gaskiya.

Na biyu, manhaja abin da aka ba ta shi take ci. Akwai ɗan abin nan da ake matsawa a yatsa don auna iskar oksijin. Da haske yake aiki, hasken yana ratsa fata, launin fata kuma yana taɓa shi. A watan Disamba na 2020, ana tsakiyar annobar korona, likita Michael Sjoding da abokansa a Michigan suka nuna cewa cikin marasa lafiyar da abin ya nuna iskarsu lafiya lau, kusan kashi 12 cikin 100 na baƙaƙen fata iskar jininsu ta yi ƙasa ƙwarai, a fararen fata kuwa ƙasa da kashi 4. Ninki uku ke nan. Lambar da wannan ɗan abin ya bayar tana cikin abubuwan da manhajar tantancewa ke dogaro da su. In ya ce 94 alhali gaskiyar 87 ce, manhajar za ta karɓa hannu bibbiyu ta ce a jira. Wannan magana ta shafe mu kai tsaye, domin irin wannan abin ne ake matsa wa yatsunmu a Kano da Zinder da Garwa. Sai a Janairun 2025 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta fitar da daftarin ƙa'idar da ke neman a riƙa gwada shi sosai a kan fata mai launi daban-daban.

Haka kuma manhaja tana gadon halin waɗanda ta koya daga gare su. A 2019 Ziad Obermeyer da abokansa sun bankaɗo wata manhaja da ake amfani da ita a Amurka wajen zaɓen marasa lafiyar da za a ba ƙarin kulawa. Kuɗin da aka kashe wa mutum a baya ta ɗauka a matsayin ma'aunin ciwonsa. Da yake an saba kashe wa baƙaƙen fata kuɗi kaɗan, sai ta ɗauka sun fi lafiya. Babu wanda ya rubuta mata wariya, a cikin tsofaffin takardu ta tsince ta.

Akwai kuma abin da ba ya shiga kwamfuta sam. Gumi mai sanyi a goshi. Yadda mutum yake riƙe cikinsa in zai zauna. Leɓen da ya dushe. Warin numfashin mai ciwon suga da ya rikice. Matar da ke cewa faɗuwa ta yi, tana satar kallon mijin da ya kawo ta. Ɗiyar da ta ce, “Sister, wallahi Baba ba haka yake ba, tun jiya ba ya gane mu sosai.” Wannan jimla ɗaya ta fi lambobi biyar daraja, kuma babu akwatin da aka tanadar mata a allo. Hausawa suka ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gan shi ba. Nas ɗin da ta shekara 20 a ƙofar nan tana ganin mutum ta ji a jikinta cewa wannan ba lafiya, tun kafin awo ya nuna komai.

Shi ya sa na fahimci nas-nas ɗin da suka fito zanga-zanga a gaban asibitin Kaiser Permanente a birnin San Francisco cikin Afrilun 2024, ƙarƙashin ƙungiyarsu ta jihar Kalifoniya. Kukansu shi ne ana shigo da waɗannan manhajoji ba tare da an gwada su yadda ya kamata ba, ba tare da an shawarce su ba, kuma suna tsoron a fake da su a rage ma'aikata. Wannan tsoro yana da tushe. A takarda ana cewa hukuncin ƙarshe na nas ne. To, in ta saɓa wa manhaja abu ya lalace, za a tambaye ta dalili. In ta bi manhaja abu ya lalace, shaidar aikinta ce a kan layi, domin kwamfuta ba ta zuwa gaban kwamitin ladabtarwa. Wanda aka matse haka ta gefe biyu, a hankali zai koyi bin allo don ya tsira, ko da zuciyarsa tana faɗa masa wani abu daban. Asibitin da yake son ikon nas ya zama na gaske sai ya sauƙaƙa mata canza matakin da dannawa ɗaya, kada a kira ta ofis a kan yawan saɓawa, kuma a riƙa zama lokaci-lokaci ana duba inda ta fi manhaja gaskiya da inda manhaja ta fi ta. Daga wannan zaman ne kowannensu yake ƙaruwa.

Kuma ko manhaja ta jera mutane daidai, jerawa kawai ta yi. Cunkoson sassan gaggawa a Amurka babban dalilinsa shi ne marasa lafiyar da aka riga aka yanke shawarar kwantarwa suna kwance a farfajiya awanni, wani lokaci kwanaki, don babu gado a ɗakunan sama. Manhajar za ta faɗa maka dattijon nan ne na gaba. Gadon da za a sa shi da hannun da zai ɗaura masa ruwa, wannan sai an ɗauki mutane aiki an biya su.

Masu sauraro za su ce, mu ina ruwanmu da Baltimore? Ruwanmu shi ne waɗannan hajoji tafiya suke yi, kuma wata rana mai tallarsu zai yi sallama a ma'aikatun lafiyarmu da jakarsa. Manhajar da ta yi karatu a kan mutanen Baltimore, zazzaɓi a wurinta yawanci mura ce ko ciwon huhu ko na mafitsara. Ba ta yi damina da mu ba, ba ta san yadda zazzaɓin cizon sauro ke kai yaro ga suma cikin yini ɗaya ba. Ba ta san lokacin sanƙarau ba, ba ta san zazzaɓin Lassa ba, wanda gane shi a ƙofa yana kare ran nas ɗin ita kanta. Saran kububuwa a gona da jijjigar mai ciki da aka ɗauko daga ƙauye bayan awa shida a hanya, waɗannan ba su da yawa a littafin da ta karanta. Ko a can Amurka, masu TriageGO suna horar da ita ne da bayanan asibitin da za ta yi aiki a cikinsa. Asibitin da bayanansa ke cikin fayil ɗin kwali, wasu sun ɓace wasu gara ta ci, ba shi da abin da zai koya mata.

Sai dai nahiyarmu ba ta zauna jiran kwamfuta ba. A tsakiyar shekarun 2000 likitoci da nas-nas a birnin Cape Town suka tsara ma'aunin tantancewa na Afirka ta Kudu, wanda takarda ɗaya ce a manne a bango. A ƙirga numfashi da bugun zuciya, a auna jini da zafin jiki, a duba ko mutum yana tafiya da ƙafarsa, ko yana cikin hayyacinsa, ko ya ji rauni. Kowanne da makinsa, a haɗa, a ba shi launi: ja, ruwan lemo, rawaya ko kore. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi aiki da shi a ƙasashe da dama, asibitin koyarwa na Komfo Anokye a Kumasi ma ya ɗauke shi. Ga yara kuma Hukumar Lafiya ta Duniya tana da tsarin ETAT, wanda ya samo asali daga aikin da aka yi a asibitin Queen Elizabeth da ke Blantyre a Malawi, inda sake tsara yadda ake karɓar yara a ƙofa ya rage mace-macensu ƙwarai.

Don haka in da za a tambaye ni inda kuɗin farko zai tafi a asibitocinmu, zan ce a ajiye horarriyar nas a ƙofar gaggawa dare da rana, wadda ba ta da wani aiki sai wannan. A ba ta abin awon jini mai aiki, da na zafin jiki, da na suga, da na oksijin wanda aka gwada a kan fata irin tamu, da agogo mai hannun daƙiƙa don ƙirga numfashi. A tabbatar ana auna mutum kafin a tura ɗan'uwansa layin yankan kati, kamar yadda dokar lafiya ta Najeriya ta 2014 ta hana a ƙi ba kowa kulawar gaggawa. Sannan a buɗe rajista, a rubuta launin da aka ba kowa a ƙofa da abin da ya same shi daga ƙarshe, a adana ta da kyau. Bayan 'yan shekaru, wannan rajistar ce za a ɗora wa duk manhajar da aka kawo talla, a ga ko za ta gane dattijon da ke ƙarshen benci, kafin a bari ta faɗa wa nas ko kalma ɗaya.

A nan za mu dakata a sharhinmu na yau. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ƙarfafi masu kwana tsaye a kansu.